Ilu Mai Babur da Ruwan Shuka

A cikin masu baburan da suka yi mini dakon riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa zuwa kasuwar Maigatari, goma sha ɗaya na sani ciki da waje, kuma babu wanda ya kai Ilu rashin zama. Inda wasu ke ɗaura buhu biyu, shi uku yake ɗaurawa. In ya iso ba ya kashe inji. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan giya, bakinsa yana amsa gaisuwa, idonsa yana kan hanya. Ko shayi ka saya masa a tsaye zai sha, kuma sai ya rage rabi.

Mutumin Tsamiyar Isa ne, wani ƙauye a gabas da Gagarawa. Shi ne ɗan fari a gidansu, don haka mahaifiyarsa ba ta kama sunansa saboda alkunya. "Mai babur" take ce masa, ko ranta na da daɗi ko a ɓace yake, sai dai ka gane bambancin daga yadda ta ja kalmar. Ita kuwa Amarya ake ce mata. Tun ranar da aka kawo ta garin ake kiranta haka, har ta yi furfura ba a sauya mata ba.

Baki tara ne a wuyan Ilu: shi, da matarsa Larai, da 'ya'ya shida, da Inna Amarya. Babur na cefane ne da sabulu. Abin da ke riƙe da gidan shi ne gonar da ubansu ya bari. Ba a raba gado ba. An bar babbar gonar a hannun Ilu saboda shi ke riƙe da tsohuwa, ƙanensa Sha'aibu kuma yana noma wata 'yar ƙarama a bakin hanya. Lokacin da uban ke raye, dami sittin na gero ake ɗaurewa a babbar gonar, ban da wake.

Da can rashin zaman Ilu na neman abinci ne kawai. Abin ya sauya ranar da abokin dakonsa Hussaini ya rasu a gabansa. Suna tafe gaba da baya a hanyar Gumel, Hussaini ya waiwayo yana tsokanarsa wai baburinsa ya tsufa, sai tayar gaba ta babur ɗin Hussaini ta fashe. Kafin Ilu ya jingine nasa ya ƙaraso, rai ya yi halinsa.

"Alhaji, dariya ce fa a bakinsa," in ji Ilu da yake ba ni labari. "Ko salati bai samu ya yi ba. To ni fa? In yau aka ce ni ne, me zan je in faɗa? Karatuna bai wuce izu biyu ba, shi ma rabi ya zube a hanya."

Daga nan ya shiga neman wanda zai kama hannunsa ya nuna masa hanyar Allah. Ya neme shi kamar yadda yake neman fasinja, da sauri, kuma a ko'ina.

Na ƙirga masa malamai shida. Na farko mai rubutu ne da laya. Ilu ya je neman tsoron Allah, ya dawo da maganin kasuwa. Na biyu a tsallaken iyaka yake, wajen Damagaram, kuma taronsa ya yi yawan da Ilu bai taɓa ganin fuskarsa ba, sai ƙeyar rawaninsa. Akwai wani da karatunsa duk zagin sauran malamai ne. Ilu ya ce in ya taso daga wurinsa ji yake kamar ya sami wani ya mara. Biyu ban ma riƙe sunansu ba, don bai daɗe da kowannensu ba. Ba zan ce duk laifin nasu ne ba. Ilu so yake a buɗe masa ƙirji a zuba masa natsuwa kamar yadda ake zuba mai a tanki, ya tayar ya wuce.

Na shida ne ya riƙe shi har damina uku. Shaihi Zaharaddini sunansa, yana da zawiya a wani gari tsakanin Gumel da Maigatari, kuma Allah ya ba shi murya. Ranar da Ilu ya fara zama a zikirinsa kuka ya yi, ya ce wannan karon ya iso. Shaihin yana da gona mai faɗi ƙwarai, kuma akwai ƙa'ida a zawiyar: duk safiyar da aka wayi gari da ruwan shuka, muridai a gonar Shaihi za su fara. Wai wanda ya fara da ta Shaihi, albarka za ta bi shi har tasa.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce mene ne a ciki, hidimar yini ɗaya ko biyu. To ƙasarmu rairayi ce. In ruwan shuka ya sauka, damshin ba ya jiran kowa. Safiyar nan kowa da ke da ƙafa yana gona: maza a gaba da sungumi suna saran ramuka, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Tela ya rufe shago, mai shayi ya kife tukunya. Wanda ya bari rana ta shanye damshin sai ya jira ruwa na biyu, shi kuwa yana iya daɗewa bai zo ba. Geron da aka shuka a makare, ruwa kan ɗauke ya bar shi bai cika ido ba.

Damina uku a jere Ilu yana saran gonar Shaihi, tasa tana shan rana. Shekarar farko ya ɗaure dami arba'in da ɗaya. Ta biyu ashirin da bakwai. Ta uku goma sha tara. Baki tara, dami goma sha tara, ba sai an kira mai lissafi ba. Larai ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya aka yi awo.

Ya je ya kai kuka. Mai tsaron ƙofa ya ce Shaihi yana halwa, ba ya ganin kowa. Ilu yana zaune a dakali sai ga wata mota mai sheƙi ta tsaya, aka buɗe ƙofar nan take. Da ya sake matsawa, amsar da aka fito masa da ita ita ce: "Yaƙininka ne da saura. Ka ƙara hidima." Ya hau babur, bai sake komawa ba.

A kakar nan ne Inna Amarya ta kira shi bakin rumbu.

"Mai babur, zo ka leƙa."

"Na gani, Inna."

"A'a. Sa kanka ciki da kyau. Ka hango albarkar?"

Ilu ya zaro kansa daga rumbun. Larai tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba.

"Ubanku bai san shaihi ko ɗaya ba sai limamin garin nan, amma bai taɓa sa ni na ci tuwon awo ba. Ka buɗe kunne. Ruwan shukar baɗi, in Allah ya kai mu, in ya sauka ban gan ka da sungumi a gonar nan da safe ba, Sha'aibu zan kira. Daga ranar ta bar hannunka. Sai ka kwashi 'ya'yanka ku je a ba ku zikiri ku ci."

Ilu ya rantse. Ya ce shi da malamai kuma sai gaisuwa daga nesa.

Ranin bai yi nisa ba, wata Alhamis ana tsakar cin kasuwar Maigatari, wani tsoho ya tsayar da shi. Riga fara ce a jikinsa da ta sha wanki, yana riƙe da igiyar akuya. Ya ce Rijiyar Shehu za shi, wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar. Aka ɗora akuyar a cinyar tsohon, suka kama hanya. Ilu ba ya iya tuƙi baki a rufe, don haka kafin su kai Gumel ya zazzage masa tarihinsa.

"Baba, ni malamai na gama da su. Shida na zaga. Kowanne da abin da yake so a wurinka."

"Shida? Lallai ka sha hanya," in ji tsohon. "Kai kuma me kake so a wurinsu?"

Ilu ya mai da ido kan hanya. Akuya ta yi kuka, ya ƙara wuta.

La'asar ta same su a wani famfo a gefen hanya, tsohon ya ce a tsaya. Ilu ya yi alwala irin tasa, fat-fat-fat, ya miƙe. Sai tsohon ya matso kusa da kunnensa ya rage murya, alhali babu kowa a wurin sai akuyar.

"Ɗana, ba don in kunyata ka ba. Diddigenka na hagu ruwa bai taɓa shi ba. Sake a hankali. Ni ba inda nake sauri."

Ilu ya duba, ga diddigen nan a bushe da ƙura. Daga baya ya ce mini, "Shekara uku ina zawiya, Alhaji, ba wanda ya taɓa kallon ƙafata."

Da suka shiga Rijiyar Shehu sai ya ji ana ta, "Sannu da dawowa, Malam," "Allah gafarta Malam, an samo akuyar?" Ashe Malam Abdulbaƙi ne, mai karantar da mutanen garin. Ilu ya tuna duk abin da ya faɗa a hanya, kunya ta rufe shi. Ya ce ba zai karɓi kuɗin hanya ba.

"Babur ɗin da addu'a yake tafiya ko da mai?" in ji Malam. Ya kama hannunsa ya danƙa masa.

Rantsuwar Ilu ba ta yi ƙarko ba. Mako bai zagayo ba ya koma, wai ya je duba lafiyar akuya. Daga nan ya zama duk ranar da babu kasuwa yana can. Ba zawiya ba ce, ba lasifika. Gindin darbejiya ne a ƙofar gida, da tabarma uku, da mutane kamar goma sha biyu bayan la'asar, yawancinsu manoma. Malam ya fara da shi daga alwala, ya gangaro Fatiha, ya tsaya a nan. Ilu ya karanta, a ce sake. Ya sake, a ce sake.

Wata rana muna awon riɗi a Maigatari ya zo yana huci.

"Alhaji, tsohon nan zai kashe ni da Fatiha."

"Kai me ka nema?"

"Na ce ya ba ni wuridi mai nauyi, irin na manya. Ya ce in riƙe salloli biyar a kan lokaci, da istigfari bayan kowace, in sun zauna sai a yi maganar gaba. Na ce to ya ba ni sirri. Wai shi bai ɓoye komai ba, abin da ya sani shi yake faɗa a gindin bishiya kowa na ji."

"To ka bar shi mana. Ka nemi na takwas."

"Ai abin haushin ke nan. Na kasa."

Abubuwan da suka hana shi tafiya ƙanana ne, shi kansa bai iya jera su ba sai in zance ya kawo. Ya taɓa sunkuyawa zai ɗauki takalmin Malam, Malam ya riga shi ɗauka. Ya kai masa zabo, Malam ya karɓa ya yi godiya, amma da zai tafi aka ɗaura masa ƙullin wake wanda ya fi zabon. Ranar da ya fara ba da labarin Shaihi Zaharaddini da motar nan mai sheƙi, Malam ya ɗaga hannu.

"Ba ya nan, Ilu. Bar nasa. Faɗi naka."

Wanda ya fi ɗaure masa kai shi ne ranar da ya yi tambaya a kan wani kaya da aka ba shi ya tsallaka da shi iyaka ta bayan gari, ko halas ne ko haram. Malam ya yi ɗan tunani ya ce, "Wannan ban san shi da kyau ba. Je Gumel ka sami Malam Shehu, ya fi ni sanin hukuncin ciniki. Abin da ya ce maka ka zo ka faɗa mini, ni ma in ƙaru."

"Alhaji, kai ɗan kasuwa ne," in ji Ilu. "Ka taɓa ganin mai shago ya tura ciniki shagon wani?"

Na ce ban taɓa gani ba, kuma ni ban taɓa yi ba.

Sauyi ya fara shigowa, kaɗan-kaɗan. Ya daina haɗa azahar da la'asar don kada fasinja ya wuce shi. Larai ta ce ya rage tsawa a gida. Amma ƙafar tana nan da ƙaiƙayinta. Kullum ji yake bai yi komai ba, bai biya komai ba, kuma abin da ba a biya ba bai zama nasa ba. Akwai kuma abu ɗaya da bai taɓa faɗa wa Malam ba, duk surutunsa: maganar da Inna ta yi a bakin rumbu.

Bazara ta zo da zafinta. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, mutane suna fitowa suna kallon gabas suna komawa. Ilu ya wasa sungumi, Larai ta gyara iri. Sai wata rana gab da asuba ruwa ya sauko, mai ƙarfi, irin wanda ba a tambayar ko ya isa shuka. Ana idar da salla gari ya watse, kowa ya nufi gonarsa.

Ilu ya ɗauki sungumi ya tsaya a tsakar gida. Abin da ya zo masa a rai, kamar yadda ya faɗa mini, shi ne: tsohon nan ba shi da kowa a gida sai matarsa, 'ya'yansa duk suna nesa. Bai taɓa neman komai ba. Na ba mutumin da bai san sunana ba damina uku, ashe ba zan ba wannan safiya ɗaya ba? In yi gudu in sare masa, in juyo kafin rana ta take.

Larai ta fito da ƙwaryar iri a ka, ta same shi yana ɗaure sungumi a babur.

"Baban Nura, gona ai da ƙafa ake zuwa."

"Yanzu zan dawo."

"Rijiyar Shehun ce yanzu?"

"Wannan ba irin waɗancan ba ne, Larai."

"Na sani. Ni ma na ga bambanci. Shi ya ce ka zo?"

"Bai ce ba. Shi ya sa ma zan je."

"To rana za ka aika wa ta jira ka? Inna fa tana ɗaki, tana jin ka."

Ya ga labulen ɗakin Inna ya motsa. Bai tsaya ba. Ya taka babur ya fice.

Daga Tsamiyar Isa zuwa Gagarawa, daga Gagarawa zuwa Gumel, daga Gumel ya karkata Sule Tankarkar, hagu da dama gonaki ne cike da mutane, kowa a tasa. Shi kaɗai ne mai sungumi a kan titi. Wasu suka ɗaga masa hannu, wani ya yi masa ihu, "Mai babur, gonarka a kwalta take?" Sau biyu ya rage gudu kamar zai juya, sau biyu ya sake murza wuta.

Ya sami Malam Abdulbaƙi a gonarsa ta bayan gari, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana sara a hankali, yana tsayawa yana numfashi. Matarsa Goggo Zakiyya tana biye da shi da ƙwarya, tana ɗingishi. Layi huɗu kacal suka yi, ga gona shimfiɗe a gabansu. Ilu ya ga haka ya ji daɗi, ya ce lallai zuwansa ya yi rana. Ya kwance sungumi yana sallama.

Malam ya amsa, ya dube shi, ya dubi sungumin.

"Lafiya, Ilu? Rasuwa aka yi?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. Hidima na zo."

"Ba a yi ruwa a wajenku ba?"

"An yi. Ya ma fi na nan."

"Har ka gama taka shukar?"

Ilu ya sunkuyar da kai.

"Wa ke gonarka yanzu?"

"Ba kowa, Malam." Daga nan bakinsa ya kufce masa, ya faɗi komai: dami goma sha tara, da awakin Larai, da maganar Inna, da Sha'aibu. Ya faɗa ne don Malam ya ga girman abin da ya bari saboda shi.

Ilu ya ce duk zamansu bai taɓa ganin fushin Malam ba sai ranar. Bai dai ɗaga murya ba.

"Mahaifiyarka ta ce ka tsaya, ka tsallake ta ka zo wurina? Da me na fi ta? Abincin mutum tara ka ɗauko ka kawo mini in ci? Wa ya gaya maka ina so a tashe ni gobe ƙiyama a tambaye ni tuwon 'ya'yanka?"

"Malam, albarka nake nema. Layi goma kawai in yi, in juya."

"Ko rami ɗaya. In sungumin nan ya taɓa ƙasata, kada in ƙara ganinka a gindin darbejiya."

"Allah gafarta Malam…"

"Duk ranin nan me muke karantawa? Ciyar da su wajibi ne a kanka. Bin maganar tsohuwa wajibi ne a kanka. Taimakona ba wajibi ba ne. Ba wurina za ka ba, Ilu, wurin Allah za ka. In na tare maka hanya na cuce ka."

"Amma ku biyu ne kaɗai. Ba za ku gama ba."

"Abin da muka gama shi ne rabonmu."

Goggo Zakiyya ta sauke ƙwarya ta dafa ƙugu. "Malam, yanzu hannu mai ƙarfi za ka kora, ka bar ni da wannan gwiwar?"

"Gwiwarki ni zan ji da ita. Zuba iri." Ya juyo ga Ilu. "Hau ka tafi. Kada ka yi gudun da zai kashe ka, kada kuma ka tsaya gaisuwa. In ka isa, tsohuwa za ka fara samu. Ka durƙusa. Ba hujja za ka kai mata ba, haƙuri za ka ba ta. Abin da ta yanke ka karɓa."

Komawar ta fi zuwan tsawo. Rana ta ɗaga, gizagizai sun watse. Ilu yana tafe yana kallon ƙasar gefen titi, wadda da safe take ja jawur da ruwa, yanzu samanta ya fara fari. A wasu gonakin har an fara zama a inuwa ana shan fura.

Bai bi ta gida ba, kai tsaye ya yi gona. Tun daga nesa ya hango mutane a ciki. Sha'aibu ne a gaba yana sara, matarsa da 'ya'yansa a baya, Larai ma tana cikinsu tana zuba iri, kanta a ƙasa. Sun fara daga kwari, inda ƙasar ta fi ƙarfi, inda ubansu ya fi zuba taki, sun haura har kusan tsakiya. Inna Amarya tana zaune a gindin gawon da ke tsakiyar gonar, ta miƙe ƙafa.

Ilu ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yi haƙuri. Na yi laifi."

Ba ta dube shi ba. "Har an gama ta shaihin?"

"Ban sara ba. Koro ni ya yi."

Sai a nan ta juyo. "Ya kore ka?"

"Ya ce in na sari rami ɗaya a gonarsa kada in ƙara zuwa. Ya ce in zo in durƙusa miki."

"Da mutane a gonar tasa?"

"Daga shi sai tsohuwarsa."

Inna ta mai da ido kan gonar. Ana jin saran Sha'aibu, cas, cas, bai tsaya ba, amma ya rage sauri yana sauraro.

"To," in ji ta. "Sai yau ka sami wanda bai ci ka ba. Allah ya saka masa. Amma mai babur, magana na riga na yi ta, kuma na aika an kira yaron nan ya bar tasa ya zo. Ba zan tashe shi daga inda ya zuba irinsa ba. Daga gawon nan zuwa kwari tasa ce. Tudun can da ya rage, in ka iya kama damshi, naka ne."

"Na bana kaɗai, Inna?"

"Ka ji na ce bana?"

Ilu ya dubi kwarin. Rabin gona ne, kuma rabin da ya fi kyau. Bakinsa ya motsa, ya tuna abin da aka ce masa, ya ce, "Na karɓa."

Sha'aibu ya taho yana share gumi. "Yaya, wallahi ba ni na nema ba."

"Na sani. Koma ka ci gaba, rana na yi."

Ya ɗauki sungumi ya haura tudu. Saman ƙasar ya bushe, sai da ya sara da ƙarfi sannan ya ga jan rairayi mai sanyi a ƙasa. Yana kan layi na biyu ya ji takun mutum a bayansa. Larai ce ta baro layin su Sha'aibu da ƙwaryarta, manyan yaran suna biye.

"Zurfafa ramin, Baban Nura," ta ce. "Na sama-sama yau ba zai tsira ba."

Suka yi ta yi har magariba, suka kama abin da suka kama. A kakar nan Ilu ya ɗaure dami ashirin da shida a tudun. Bai kai su wata damina ba, sai da babur ya cike sauran, amma Larai ba ta sayar da komai nata ba. Kwarin yana hannun Sha'aibu har yau, kuma Ilu bai sake tayar da maganar ba. Yana nan yana yi mini dako. Ranar da babu kasuwa yana Rijiyar Shehu, ya wuce Fatiha, yana cikin ƙananan surori, kuma har yanzu yana naci a kan wuridi mai nauyi ana ce masa da saura.

Malam Abdulbaƙi kuwa bai gama shukarsa a ranar ba. Kashi ɗaya cikin uku na gonarsa sai da ya jira ruwa na biyu, kuma wannan ɓangaren bai yi abin kirki ba. A bakin Goggo Zakiyya Ilu ya ji, wata rana da ya tambaye ta yadda kaka ta yi. Malam yana zaune a wurin yana gyaran igiyar guga, ya ce mata ta bar zancen ta kawo wa baƙo ruwa.